Kujerar Manyan Baƙi

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai a gidan Alhaji Mainasara da ke Gummi sai da rana ta gama faɗuwa. Damina ce ta shekarar 1981. An yi ruwa da hantsi, ƙasa ta yi sanyi, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sama, yana ta yawo a tsakar gida. Rabi, matar gidan, tana durƙushe tana kwashe tuwo, kaji sun gama hawa katanga, ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa.

'Yarsu Hawwa'u, wadda kowa ke kira Kulu, ta shiga falo tun ɗazu da tsumma da kaskon turare, aikin da aka ɗora mata kullum kafin magariba. Shekarunta goma sha huɗu, kuma ranar ta wuni tana surfe da daka. Rabi ta kira ta sau biyu, shiru. Ta buɗe baki za ta kira na uku ke nan, sai dutse ya faɗo tsakiyar tukunyar miya, miyar ta fallatsa mata a zane.

Rabi ta miƙe tana zagin yaran maƙwabta, har da iyayen da suka kasa yi musu tarbiyya. Na biyu ya faɗo kusa da ƙafarta. Ta duƙa ta ɗauka, ta ga dutsen gulbi ne mai santsi, jiƙe sharkaf, kamar yanzu aka tsamo shi. Sai a lokacin ta lura ba ta kan katanga yake zuwa ba. Daga ƙofar falo yake fitowa.

Labulen ya motsa, Kulu ta fito a hankali, ƙafafunta a sandare, babu kasko a hannunta. Ta tsaya gaban uwarta, idanunta a buɗe amma ba Rabi take kallo ba.

"Inna," in ji ta, murya can ƙasa, "na zamna."

Dole a faɗi abin da falon nan yake, domin shi ne tushen masifar. Alhaji Mainasara falke ne, yana fataucin goro da atamfa, kuma Allah Ya yi shi da wani irin kwaɗayin ido. Duk ƙasar da ya taka sai ya leƙa ɗakunan mutane, ya dawo yana raina nasa. Ya ga Larabawan Jidda suna shimfiɗa darduma daga ƙofa har bango, ya sayo. Ya ga kujerun kushin a gidan wani ɗan kwangila a Ikko, ya ɗoro irinsu a kan motar goro. Daga Agadas ya kawo matasan kai na fata, daga wani kanti a Kano ya kwaso kalandar Indiya da furannin roba da agogon bango mai kukan tsuntsu. Ga kabad cike da tangaran da ko ruwa ba a taɓa zuba musu ba. Kushin ɗin kuwa har ranar suna cikin ledar da aka sayo su, domin Alhaji ya ce zufar mutane tana ɓata yadi.

Kaya sun taru, sai wurin sa su. Ɗakin da ya fi kowanne girma a gidan na mahaifiyarsa ne, tsohuwa Tabawa, ɗaki mai ɗaurin guga wanda ta shekara arba'in a ciki. Da hannunta ta yi daɓensa ta shafe da makuba. Gadon ƙasarta yana gefe, jeren ƙoranta masu zane sun hau bango har kusa da rufi, ragaya na reto da ƙwaryar nono. Mutumin nan bai iya duban idonta ya ce ta tashi ba. Ya jira ta tafi bikin suna a Gwashi, wurin ƙanenta Dodo, sannan ya kira magina. Cikin mako biyu suka farfasa gadon, suka zuba siminti a kan daɓen, suka shafe bangon da shuɗin fenti. Wannan ba wauta ba ce, rashin kunya ne tsagwaronsa.

Da tsohuwa ta dawo, ta tarar da kayanta a cushe cikin buhuna a wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki, rabin ƙoran sun tsage. Bafulatana ce, shi kuma ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa gaban jama'a. Ta zaɓi ƙwarya ɗaya da ba ta fashe ba, ta koma tasha ta bi motar da ta kawo ta. Alhaji ya ce fushin tsofaffi ne, za ta huce. Wata takwas ke nan bai taka Gwashi ba.

Abu na ƙarshe da ya shiga falon wata kujera ce 'yar guntuwa da ya sayo a Kumasi, an sassaƙa ta daga itace guda, mazauninta a lanƙwashe, ƙafarta da zane. Ya kafa ta tsakiyar darduma, tana fuskantar ƙofa, ya tara mutanen gida ya ja musu kunne.

"Wagga ta manyan baƙi ta," in ji shi. "Kada in ga kowa bisanta."

A kanta Kulu ta zauna ranar, don ƙafafunta sun gaji, kuma babu mai ganinta.

Tun daga wannan magaribar yarinyar ba ta sake zama ba. Da an lanƙwasa mata gwiwa sai ta ƙwalla ihu kamar an ɗora ta a kan garwashi. Aka gwada kwantar da ita, maza biyu suka kasa. A tsaye take wuni, a tsaye take kwana, ta jingina goshi da bango, uwarta na tallabe da ita. A kwana na uku ƙafafunta suka kumbura, fatar ta yi sheƙi. Duwatsu kuwa ba su fasa ba, daga kiran magariba har a idar da isha'i, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Idan suka tsaya sai gidan ya yi tsit, sannan a ji gyaran murya daga cikin falon da aka kulle, irin wanda dattijo ke yi idan ya daɗe a zaure ba a fito an gaishe shi ba.

Alhaji ya yi ta kumfar baki. Ya ce mahassada ne suka ga falonsa suka kasa barci. Ya yi wa maƙwabcinsa rashin mutunci a bakin masallaci, ya sa aka ƙara wa katanga tsawo, ya ɗauki yarinyar a bayan akori-kura, tana tsaye riƙe da ƙarfe, ya kai ta asibiti. Aka yi mata allurar barci, ta yi barcin a tsaye. Ko sau ɗaya bai ce a buɗe falon a duba ba, don kada masu zuwa jaje su tattake masa darduma da taɓo.

A kwana na shida Rabi ta tare shi a ƙofar ɗaki, ba ko gaisuwa.

"Alhaji, ɗiyakka kwana shidda tsaye. Ko jaki shina kwantawa. In ba ka tahiya Anka ka ɗauko Malam Hayatu, wallahi ni ina hita da ƙahwata, garin ga dut shi gani."

Washegari da la'asar sakaliya Malam Hayatu ya iso, dattijo siriri mai ƙarancin magana, buzunsa a hammata. Ya dubi ƙafafun Kulu ya daɗe, sannan ya ce a buɗe masa falon. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya, bai yaba ba bai kushe ba. Da idonsa ya kai kan kujerar Kumasi sai ya tsaya cak. Malam ya yi karatu a zangon Kumasi yana saurayi, ya san ɗakunan mutanen can.

"Wanda yas sayar maka da ita, bai hwaɗa maka komi ba?"

Alhaji ya ɗan yi tsaki. Ya ce wani tsoho ne mai surutu, kullum ya miƙar da kujerar sai tsohon ya sake kifar da ita a gefe. Har tsohon ya sa wani tafinta ya gaya masa wai idan ba mai zama, a kwantar da ita.

"Ni in sayi kujera in kwantar da ita awa marar lahiya? Cewa niy yi wata tsaga shika ɓoyewa."

Malam bai yi dariya ba. Ya ce mutanen can ba sa barin irin wannan kujera a miƙe babu kowa a kanta, domin sun ce kujerar da aka bari a buɗe, wani abu mai wucewa yana iya hawa.

"Ka ɗauko kayansu, ka baro hankalinsu can," in ji shi. "Ku shigo da yarinyar."

Ya shimfiɗa buzunsa a kan darduma ya zauna. Rabi ta shigo da Kulu tana jan ƙafa, ta tsayar da ita nesa da kujerar. Hasken taga ya fara ja, sannan ya dusashe. Malam ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, yana tofawa a ruwa yana yayyafa wa yarinyar. Agogon bango ya tsaya. Ya maimaita Ayatul Kursiyyu har sau bakwai, a ta bakwai Kulu ta ɗago kai, ta yi gyaran muryar nan da duk gidan ya sani.

"Malam, bar ƙona ni. Ni ba ɓarawo ba na." Muryar tsoho ce, mai kauri, tana rawa don fushi. "Kira na anka yi."

"Wa yak kira ka?"

Hannun Kulu ya ɗaga ya nuna ubanta.

"Wanga. Ina wucewa za ni gulbi da magariba, niƙ ƙyalla ƙohwa buɗe. An share, an shimhiɗa, an sa turare, an kahwa kujera tana kallon hanya. Nij ji da kunnena mai gida ya ce ta manyan baƙi ta. To, cikin unguwag ga wa yah hi ni shekaru? Niy yi sallama nis shigo niz zamna."

Muryar ta ƙara tashi, har tangaran suka yi ƙara a cikin kabad.

"Wata ukku ina zamne! Ba sannu, ba ruwa, ba wanda yat tambayi gajiyata. Shi leƙo da sahe shi ƙirga hurannin roba shi kulle ni. Wane irin gida na wanga? Daɗa sai ga yarinya, ba sallama ba gahwara, ta ɗare bisa wuyana. Ta zamna inda ba a zama, to, ta ɗanɗani tsayuwa."

Malam ya ce yarinya ba ta gan shi ba, kuma zalunci haramun ne a kan aljan kamar yadda yake a kan mutum. Ya tambaye shi abin da yake so ya fita. Aljanin ya ce a yanka masa baƙin rago a bakin ƙofa. Malam ya ce ba a yi wa kowa yanka sai Allah, ya ci gaba da karatu har yarinyar ta fara makyarkyata. Aljanin ya ce to a bar masa ɗakin, a kulle har abada, zai saki yarinyar. Alhaji ya yi caraf ya ce ya yarda, ai dama ba mai shiga. Malam ya juyo ya watsa masa wani kallo, ya ce wanda aka ba ɗaki yau, gobe gidan zai nema.

"To ku ji magana ta ƙarshe," in ji muryar. "Baƙo ba shi tashi don yaro ya ce. Mai wuri shi zaka shi sallame ni, in tahi."

"Ni na mai wuri!" Alhaji ya daka tsawa. "Gidana na!"

Dariyar da ta fito daga bakin Kulu ba ta da daɗin ji.

"Kai? Ko sau guda ka taɓa zama cikin ɗakin ga? Ƙarƙashin simintin ga akwai daɓe, kuma ƙahwa guda yas sani. Shekara arba'in muna ratsa unguwag ga, ba mu iya ko leƙa ƙohwag ga, don wata tsohuwa na nan tana lazimi kullum magariba. Ita ta mai wuri. Ina kuk kai ta?"

Rabi ta dubi mijinta, ta kawar da kai.

Da sassafe Alhaji ya kama hanyar Gwashi. Ruwa ya ɓata hanya, mota ta kafe sau biyu, ƙarshe da ƙafa ya ƙarasa rugar Dodo, babbar rigarsa duk taɓo. Ya tarar da mahaifiyarsa a gindin bukka tana wanke ƙwarya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa iska, ba ta ɗago ba. Ya fara kame-kame, yana zancen hanya da ruwa.

"In ɗakin ga kaz zaka yi mani zance, tashi," in ji ta.

"Inna, Kulu ta. Kwana takwas ba ta zamna ba."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta saurara har ya gama, kuma da ya zo wurin da aljanin ya ce mai wuri, sai ya sunkuyar da kai. Ba ta tausaya masa ba, kuma bai cancanta ba. Ta kife ƙwaryar, ta shiga ta ɗauko mayafi.

Sun iso Gummi rana tana gab da faɗuwa. Tsohuwa Tabawa ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta wuce kai tsaye falon, ta taka dardumar Jidda da ƙafafunta masu taɓo, ta tsaya ta dubi shuɗin bango, ta dubi kusurwar da gadonta yake a da, inda yanzu kabad ke tsaye. Sannan ta ga jikarta, an riƙe ta ta hammata biyu, leɓunanta sun bushe, ƙafafunta sun fara tsagewa suna ruwa. Nan fuskar tsohuwar ta canza. Malam ya fara karatu, ba a jima ba aka ji gyaran muryar.

"Baƙo, sannu da zuwa," in ji Tabawa. "Sannu da haƙuri. An yi maka rashin kirki, na ji. Halin gidan ga na, ba kai anka hwara ma ba."

Da muryar ta dawo, ta yi laushi.

"Yawwa. Yau nij ji maganar mutane. Sannu, mai ɗaki."

"Amma kai ma ka yi abin kunya," ta ci gaba, muryarta na kaifi. "Tsoho da kai, ka rasa wanda za ka kama sai yarinya mai daka? Ga wanda yak kira ka nan tsaye, ƙato, mi yah hana ka kama shi? Saki mani jika. Na sallame ka, tashi."

"Ina tashi," in ji aljanin. "Amma in nit tashi, ke za ki zamna? In wuri naki na, karɓi abinki in gani."

Alhaji ya matso da sauri, yana nuna mata kujerar da hannu biyu. Tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ɗakina an hwarhwashe shi. Wanga ban san shi ba, ni ma baƙuwa ta awa kai. Tashi mu tahi tare, gidan ga ba a zama."

"Kin yi alkawali?"

"Na yi."

"In kiz zamna, ni ma ina komowa in zamna."

Malam ya sa shi ya rantse da Wanda Ya halicce shi cewa ba zai sake taɓa yarinyar ba, ya rantse. Kulu ta yi atishawa sau uku, labulen ƙofa ya ɗaga kamar wani ya ratsa. Sai gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale ƙasa, ta zauna daɓas a kan darduma. Ba ihu. Ta dubi kakarta ta ce tana jin ƙishirwa, Rabi ta fashe da kuka ta ruga kawo ruwa. Malam ya miƙe ya kifar da kujerar, ya ce a fitar da ita daga gidan.

Tabawa ta sunkuya, ba ta durƙusa ba, ta riƙe wa yarinyar moɗa har ta shanye, ta shafa mata kai. Alhaji kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya kama ledar babban kushin ya yage ta da hannunsa, ya turo kujerar gaban uwarsa.

"Inna, ki zamna don Allah. Gobe in kira magina su mai da komi yadda shike. Gado, daɓe, dut."

A karo na farko tun da ya je Gwashi ta dube shi ido cikin ido.

"Ba ka ji abin da nic ce ma baƙo ba? So kaka yi shi komo bisa ɗiyakka?"

Ya juya wurin Malam yana neman ceto. Malam yana naɗe buzunsa, ya ce shi dai ya ji an yi alkawari, kuma bai taɓa ba kowa shawarar saɓawa ba.

Ta gyara mayafinta ta fita, ta kwana gidan wata ƙawarta a bayan kasuwa, da safe ta koma Gwashi. Kulu ta warke sarai, kumburin ƙafafun ya saɓe, bayan wata guda ta koma daka. Alhaji ya kira maginan, suka fasa simintin, suka gina sabon gadon ƙasa, ya aika har Bukkuyum aka sayo ƙorai masu zane aka jera. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai.

Tsohuwa Tabawa ta ƙara shekara tara a duniya. Duk sallah takan zo ganin jikarta, ta tsaya a tsakar gida su gaisa, ta sha ruwa a tsaye, ta sa albarka ta juya. Ɗanta yakan biyo ta har zaure da tabarma a hannu, ba ta taɓa karɓa ba.